Hitar ruwa ta tirelar tafi-da-gidanka tana aiki da gas, ta ƙi aiki da lantarki

Mai Albasa: Assalamu alaikum 'yan uwa, an tashi lafiya? Ya sanyi? Taimakon masu sanin wuta nake nema. Bara bayan na sayar da albasa na sayi tirelar tafi-da-gidanka, beljiyam ta Amurka da ta shigo ta Kwatano. Na aje ta bakin gonata ta hanyar Kware, a nan nake kwana lokacin ban ruwa. Cikinta akwai ɗan banɗaki da hita mai aiki da abu biyu, gas da lantarki. Da gas lafiya lau, in na taɓa makunni sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama, ruwa ya yi zafi. Da lantarki kuwa ko ɗumi babu. Fitilu na kawowa, firij na aiki, soket duk akwai wuta. Daga gidan ƙanena da ke bakin hanya na jawo waya, ta bi ta taransifoma mai rage wuta zuwa bolt 110. Wanda ya san sanyin fadama da asuba a wannan hunturu ya san abin da nake faɗi, ga gas sai an shigo gari. Wani mai gyara ya duba ya ce allon da ke sarrafa ta ne ya ƙone, in ba da kuɗi a aiko da sabo daga Legas. Kafin in bayar na ce bari in ji ta bakinku.

Ɗan Sahara: Wa alaikumus salam Alhaji. Kayan Amurka a ƙasar nan wahala ne. Ka cire ta ka sa tamu ta 220 ka huta.

Injiniya Arkilla: Alhaji, kada ka ba da kuɗin nan tukuna. Ka buɗe ƙofar hitar ta waje, akwai takarda manne a ciki mai sunan kamfani da lambar samfuri. Ɗauko hotonta. Ba a rubuta magani ba a ga majinyaci ba.

Mai Albasa: Ga shi Injiniya. Suburban aka rubuta, SW6DE. Ƙasa kuma 120V, 1440W.

Ɗanmu na Amurka: Kawu, wannan na san ta sarai, irinta ce a tirelar maƙwabcina kuma tare muke gyara ta. Lamba 6 ɗin galan shida ne, wajen lita 23. D na nufin da kanta take ƙyasta wa gas wuta, E kuma ɓangaren lantarki. Abin da ya fi rikita mutane shi ne tana da wani ɗan makunni baƙi a waje, can ƙasa ta hannun hagu, ya ɓuya bayan bawul ɗin gas. Sabuwa har da ɗan ƙarfe ake soke shi don kada a kunna bisa kuskure. Makunnin da kake taɓawa a cikin ɗaki na gas ne kawai. Duba na wajen ko a kashe yake. Sama da shi kuma akwai wata baƙar roba mai wurin dannawa biyu, ɗaya na lantarki ɗaya na gas. In ruwa ya wuce ƙima da zafi su ne ke yanke wuta, sai an danna su dawo.

Mai Albasa: Allah ya yi albarka ɗana. Na gan shi, amma a kunne na same shi, kuma babu wani ƙarfe jikinsa. Robar ma na danna duka biyu, ban ji komai ya motsa ba. Birekar da aka rubuta wa hita a akwatin cikin ɗaki ita ma a sama take.

Injiniya Arkilla: To maganar allo ta faɗi. Allon nan aikinsa ɗaya ne, ya buɗe gas ya ƙyasta wuta ya tabbatar ta kama, kuma da wutar batir ta 12 yake aiki. Tunda gas na kamawa, allo lafiyarsa ƙalau. A wannan samfurin wutar 120 ba ta ma bi ta kansa. Hanyarta gajera ce: daga bireka zuwa ɗan makunnin waje, zuwa na'urorin zafi biyu da ke ƙarƙashin robar nan, zuwa elimen, wato ƙarfen da ke cikin ruwa. Na'ura ɗaya tana yankewa in ruwa ya kai kamar digiri 54, ɗayar ta tsaro ce, sai wajen 82. Cikin waɗannan ɗaya ya katse, kuma mitar awon wuta za ta nuna wanne.

Baba Mai Waya: Injiniya ya hwaɗi gaskiya. Shekara arba'in ina aikin ga, ban taɓa sayen kaya ba sai mita ta gwada min. Yaran yanzu da sun ga abin da ba su sani ba sai su ce allo na. Alhaji, kana da mita ko in aiko yaro da tawa?

Mai Albasa: Akwai ta mai sola da ya sa mini famfon gona, Baba. Ku dai gaya mini inda zan sa.

Injiniya Arkilla: Da farko zare babbar wayar tirelar gaba ɗaya daga taransifoma. Kashe makunni bai isa ba, zarewa nake nufi. Rufe silindar gas. Elimen ɗin yana bayan bututun da wutar gas ke fita, ƙarƙashin wani baƙin murfi, sai an kwance bututun a hankali ake kai gare shi. Za ka ga waya biyu, baƙa da fara, kowace da sukurunta. Cire su, sa mita a ma'aunin om, taɓa sukurun biyu. Lafiyayye zai ba ka kusan 10. Lissafin ba wuya: 120 sau 120, a raba da 1440, 10 ke nan. In mita ba ta motsa ba, ya tsinke a ciki. Daga nan ka bar tsinken mita ɗaya a kan sukuru, ɗayan ka taɓa jikin tanki. A nan kuma so ake kada ta nuna komai.

Mai Albasa: Na yi bayan la'asar. Tsakanin sukuru biyu mita ba ta motsa ba sam. Amma sukurun farar waya da jikin tanki ta nuna wasu lambobi suna hawa suna sauka.

Injiniya Arkilla: Elimen ya mutu, kuma ba mutuwar tsufa ba ce, fatarsa ta tsage. Kada ka mayar da wayoyin nan kansa. Naɗe kowace da tef daban.

Mai Famfo na Mabera: Alhaji, tambaya gare ni. Ranar da aka fara sa wa tirelar wuta, an riga an cika ruwa ko daga baya aka cika? Kuma da aka fara buɗe famfo, wane irin ruwa ya fito?

Mai Albasa: Wuta muka fara sa wa, don mu ga ko fitilu da firij na aiki kafin in cika kuɗin mai ita. Yara suka ɗaga bireka duka. Ruwa sai bayan kwana uku. Da farko wani ruwa ya fito mai launin hoda, muka bar shi ya zube. Famfon zafi yana zuba amma sanyi ƙarara ko an kunna gas, har sai da mai famfon da na kira ya leƙa ƙarƙashin gado ya murɗa wasu bawul uku a bayan hitar.

Ɗanmu na Amurka: Shi ke nan Kawu, an gano. Ruwan hodar nan maganin daskarewa ne. A nan kafin sanyi ya shigo kowa na tsiyaye tankin hita, don in ruwa ya zama ƙanƙara a ciki fasa shi yake yi. Sai a murɗa bawul ɗin nan ruwa ya riƙa zagaye tanki ba ya shiga, a ɗura maganin cikin bututu. A haka aka loda tirelarka jirgi. Da yara suka ɗaga bireka, makunnin waje a kunne, tanki babu ko ɗigo. Elimen in ba ya cikin ruwa ba ya kai minti ɗaya.

Mai Famfo na Mabera: Abin da nake hange ke nan. Kuma ku lura, famfon zafi na zuba ba shaida ba ce tanki ya cika, ga shi Alhaji ya gani da idonsa. Shaidar ita ce bawul ɗin tsaro na tagulla da ke sama a ƙofar waje. Lokacin da ruwa ke da sanyi ka ɗaga ɗan hannunsa, in ruwa ya feso tanki a cike yake, in iska ce ko shiru to kada a kunna. Ko hitar gida ta bango haka take, na canza da yawa a Mabera da Minanata waɗanda suka ƙone ranar da tankin sama ya ƙare.

Ɗan Sahara: To mun dawo maganata. Ina za a samu elimen na 120 a Sakkwato? Ku zaga titin Emir Yahaya shago-shago, ba za ku samu ba. Na 220 kuwa ga su nan birjik. A ɗaura ɗaya, a jawo mata waya kai tsaye daga wutar gari, taransifoma ma ta huta. Na yi wa injin wanki na Amurka irin wannan dabara kuma yana nan yana aiki.

Mai Famfo na Mabera: Zaren bakin ba ɗaya ba ne, abokina. Na Amurka inci ɗaya ne da irin nasu zaren, sifanarsa inci ɗaya da rabi. Namu na kasuwa yawanci zaren Ingila ne kuma sun fi shi faɗi. Wanda ya matsa da ƙarfi zai cinye zaren tanki, daga nan hitar duka ta tafi.

Ɗan Sahara: Masu walda fa? A yanke baki a sa wani.

Injiniya Arkilla: Tankin nan ƙarfe ne da aka shafe cikinsa da wani abu kamar tangaran don hana tsatsa. Wutar walda na taɓa shi shafen zai fashe. Ban ce mayar da hita 230, wato wutar gari, ba ya yiwuwa ba, akwai elimen na 240 mai zaren Amurka. Amma sai an raba ta da wayoyin tirela gaba ɗaya, an ba ta nata layi da tata bireka, an tabbatar makunni da na'urorin zafi sun dace da wannan wuta. In aka yi rabin aiki, wata rana wani zai haɗa 230 da farar wayar tirela, caja da firij da na'urar sanyaya ɗaki su tafi lokaci ɗaya. Kuma don kowa ya ji: elimen na 120 in aka ba shi 230 ba ninki biyu yake ja ba, sama da wat 5,000 zai ja, kusan ninki huɗu. Akasin haka ma gaskiya ne, na 240 mai wat 1,500 in ka ba shi 120, wat 375 kawai zai bayar.

Ɗan Sahara: Injiniya, kai kana magana ne da littafi. Mu muna magana da abin da talaka zai iya samu yau ya yi wanka gobe.

Injiniya Arkilla: Yana da gas, gobe zai yi wanka. Gaggawar me ake yi?

Mai Albasa: Ku yi haƙuri da juna, duk taimakona kuke yi. Akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauke shi komai ba. Da asuba in na fito alwala ba takalmi, in na kama ƙarfen ƙofa ina jin ɗan tsiri-tsiri a hannu. Wani lokaci har a famfon banɗaki. Na zaci irin abin nan ne na hunturu da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota.

Baba Mai Waya: Innalillahi. Alhaji, wagga magana ita ta kamata ka hwara da ita. Aje zancen ruwan zahi. Na hunturu tas ɗaya shika yi shi wuce. Wanda ka ci gaba da ji muddin hannunka na bisa ƙarhe, wuta ta. Tirela bisa taya take, taya roba na, wutad da taz zurare ba ta da hanyar ƙasa sai ta jikin wanda yat taɓa. Kai ko kana tsaye cikin laimar hwadama ƙahwa ba takalmi. Zare wayag ga yanzu, kak ka maishe ta sai na zo. Gobe in Allah ya kai mu bayan hantsi ina nan tahe.

Hajiya Gawon Nama: Alhaji don Allah ka ji maganar Baba. Ni ba na sa baki a zancen wuta, amma wannan ya taɓa ni. Shekarun baya 'yar ƙanwata hita ta ja ta a banɗaki, Allah ya sa akwai mutum kusa ya kashe wutar gidan. Watanni kafin nan kowa a gidan na jin tsiri-tsirin nan a famfo, ana cewa ba komai. Har yau yarinyar ba ta shiga wanka sai da ruwan da aka dafa a tukunya. Jikokinka na zuwa gonar nan ranar hutu, kuma yaro ba ya sa takalmi.

Mai Albasa: Na zare, Hajiya. Daren yau da fitilar batir za mu kwana.

Injiniya Arkilla: Baba, in ka je ka duba mini abu ɗaya. Yawancin taransifomomin nan na kasuwa naɗi ɗaya gare su, ba su raba wutar shiga da ta fita ba, waya ɗaya ce ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. In an haɗa daidai, wadda ta ratsa ita ce marar wuta. In an juya su, tsakanin wayoyin fita biyu za ka ga 110 lafiya lau, komai na aiki, amma farar wayar tirela tana ɗauke da 230 in ka auna ta da ƙasa. Makunni da bireka na tirela kuwa baƙar waya kawai suke yankewa. Ka tuna sukurun farar waya ne ya nuna yana taɓa tanki.

Baba Mai Waya: Na dawo. Abin da Injiniya yac ce shi munka iske. Can gidan ƙanen Alhaji anka juya wayoyin cikin soket. Wayad da anka jawo mai ƙwaya biyu ta, babu ta ƙasa ko kaɗan, kuma an yi mata gami wuri ukku da leda. Da nis sa elimen yadda yake da, nig gwada jikin tirela da ƙarhen da nik kahe cikin ƙasa, mita ta wuce 100. Da nic cire wayoyinai ta sauka. Allah na ya tsare bawan Allah ga, ba dabara ba. Ga abin da munka yi: mun gyara juyin, mun sa sabuwar waya mai ƙwaya ukku 2.5, mun kahe sandan jan ƙarhe gab da tirela inda ƙasa ke da laima munka ɗaure shi ga jikinta. Na sa birekar zurarewa, wadda masu shago ka ce ma ELCB, mai 30mA, kahin taransihoma. Na danna maɓallin gwajinta gaban Alhaji ta hwaɗi, na ce mai shi riƙa dannawa duk wata.

Ɗan Sahara: Wannan kam ban hango shi ba. Sannu Baba. Amma maganar 220 ina nan kan bakana, in elimen ya sake mutuwa za a sake jiran jirgi.

Injiniya Arkilla: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ina taransifomar take zaune, gidan ko gona? Kuma nawa aka rubuta a jikinta?

Mai Albasa: Da a gidan take, Baba ya dawo da ita gindin tirela ya yi mata rumfa. Tsakani zai kai mita 80. An rubuta 2000W.

Injiniya Arkilla: Daidai ya yi. Wuta ta yi doguwar tafiyar tana 230, don a nan hitar amfiya 6 da ɗoriya take ja, a 120 kuwa 12, kuma yawan amfiya shi ke cinye wuta a hanya. A wannan tsawon, da ka bar ta a gidan za ka rasa wajen bolt 17 cikin 120. Sai dai 2000 ɗin nan ta yi kaɗan. Abin da ake rubutawa jikin irinsu ba shi suke iya ɗauka na awa guda ba. Hita kaɗai 1440, ga caja ga firij. In zafin Afrilu ya zo ka ce za ka kunna na'urar sanyaya ɗaki a kanta, ba za ta kai ba. Tirelar an gina ta ne kan amfiya 30, wato wat 3,600. Nemi mai 5000, in da hali mai naɗi biyu. Kafin nan, in hita na kunne kada a haɗa ta da wani abu mai nauyi, kuma ka riƙa taɓa jikin taransifomar kana jin zafinta.

Ɗanmu na Amurka: Kawu, kada ka sayi komai. Akwai ɗan unguwarmu da zai taho gida ƙarshen wata, zan ba shi elimen biyu, ɗaya a ɗaura ɗaya a aje, don hankalin Ɗan Sahara ya kwanta. Zan haɗa da sandan da ke toshe ramin tsiyaye ruwa. Shi wannan sanda an yi shi ne don ruwa ya ci shi maimakon ya ci tanki, kuma na tabbata na ciki ya ƙare.

Mai Famfo na Mabera: In za a ɗaura a kira ni. Tunda za a buɗe, a wanke tankin gaba ɗaya. Ƙasarmu akwai farar ƙasa, ita ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na barin farin dutse a gindin buta. Shi ke lulluɓe elimen ya hana shi sakin zafi. Ruwan khal a bar shi ya kwana a ciki yana narkar da shi. Bututun gas ɗin ma a busa shi, zanzaro na son gina ɗaki a ciki.

Mai Albasa: Assalamu alaikum. Mako uku ke nan, ga bayani. Saƙo ya iso, Allah ya saka wa ɗana da alheri. Jiya Mai Famfo da yaron Baba suka zo. Tsohon elimen da aka zaro ya kumbura ya tsage a lanƙwasarsa, sandan kuma saura siririyar waya kawai. Farin tsakuwa da ya fito daga tanki ya kusa cika gwangwanin madara. Sabon mun auna shi kafin a ɗaura, 10 da ɗigo 2. Muka cika ruwa, na ɗaga hannun bawul ɗin tagulla da kaina sai da ya jiƙa mini hannun riga, sannan aka kunna. A bakin elimen mita ta nuna 112. Minti 50 ruwa ya yi zafin da sai an sirka. Na kama ƙarfen ƙofa yau da asuba ƙafa ba takalmi, shiru.

Injiniya Arkilla: Alhamdu lillahi. A 112 wat 1,250 take ba ka, minti 50 daidai ne da ruwan hunturu. Da dare in wutar gari ta yi ƙasa za ta fi haka daɗewa, ba lalacewa ba ce. In kana sauri kana iya kunna gas da lantarki tare, an yi ta don haka.

Hajiya Gawon Nama: Barka Alhaji. Baba, ni ma ina son irin birekar nan a gidana, yaushe za ka samu zuwa?

Baba Mai Waya: Assabat bayan azahar, Hajiya, in Allah ya yarda. Alhaji, in ka tashi janye tirelag ga bayan kwasar albasa, kashe ɗan makunnin waje kahin ka tsiyaye ruwa, ka soka mai ƙusa cikin ramin nan. Sandan ƙasa kuma a hiddo shi a tahi da shi, duk inda ta sauka a sake kahe shi.